Jawabin Shugaban Jami'a a Bikin Buɗe Cibiyar Binciken Sararin Samaniya da Fasahar Koyarwa



Mai girma Gwamna, wanda Kwamishinan Ilimi Mai Zurfi ya wakilta, Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, shugaba da 'yan majalisar gudanarwar jami'a, takwarorina shugabannin jami'o'i, shehunan malamai, hakimai da dagatai, jami'an tsaro, iyayenmu mata, 'yan jarida, ɗalibai, assalamu alaikum warahmatullah. Wanda bai ji sunansa ba ya yi haƙuri, ga masu rubuta min takardar can a baya, ya tuhume su.

Muna godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Majalisar nan ta yi ƙoƙari: an gyara ɗakunan gwaje-gwaje, an tura malamai ƙaro ilimi, an faɗaɗa ɗakin karatu, ga kuma wannan cibiya mai sassa uku.

Sashe na farko zai nazarci asalin sararin samaniya. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da biliyan 13.8, kuma a 1965 Penzias da Wilson suka sanar da gano ragowar zafin farkonsa a Amurka. Duk taurari da duniyoyi da mu kanmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na abin da ke cikinsa. Sauran ana nan ana nema. Allahu Akbar.

Na biyu zai bibiyi haskoki masu tsananin ƙarfi da ke fitowa daga taurarin da suka fashe. Victor Hess ya hau balan-balan a 1912, ya tarar ƙarfinsu na ƙaruwa yayin da yake ƙara yin sama, aka gane daga wajen duniya suke zuwa. Tun 2002 na'urorin H.E.S.S. ke wannan aiki a Namibiya. Kuma ɗan ƙasarmu ne, marigayi Farfesa Samuel Okoye, tare da Antony Hewish a Kambirij, ya hango wani baƙon tushen rediyo cikin ɓaraguzan tauraron da 'yan Sin suka ga fashewarsa a 1054.

Na uku na yara ne. Jami'ar Hertfordshire a Ingila ta ƙera mutum-mutumi mai suna Kaspar, wanda ke taimaka wa yara masu lalurar galahanga su koyi duban fuska da jiran layinsu a wasa. Mu da manhajojin waya cikin Hausa za mu fara: gaisuwa, tambaya, wasa da tsara. Iyaye mata, ku kwantar da hankalinku, na'ura ba za ta ƙwace muku tarbiyya ba, ɗan aike ce kawai.

Ku ɗalibai na bayan can, a ajiye wayoyin nan. Abin da zan faɗa yanzu ku ya fi shafa.

Ranka ya daɗe Kwamishina, a nan zan ajiye takarda. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawar kullum ita ce aiki. Gini ga shi, fenti na ƙamshi. Wa zai biya kuɗin intanet bana da baɗi? Bayanan da ɗalibanmu za su sauke daga Namibiya ba sa jiran a kawo wuta. Wa zai sauya baturan sola idan sun mutu? Wa zai riƙe mana injiniyan da ya san na'urorin nan, kada wata ƙasa ta ɗauke shi? Na sha shiga ɗakunan bincike a ƙasar nan, ba zan kama suna ba, na tarar da na'ura mai tsada lulluɓe da leda, ƙura ta rufe ta, saboda ba a ware ko sisi na kula da ita ba.

Ku dubi Gana. Tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da ke Kuntunse suka gyara, suka ƙaddamar da shi a 2017 a matsayin na'urar sauraron taurari. Afirka ta Kudu ta buɗe MeerKAT mai faranti 64 a 2018. Mu da muka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, muka harba tauraron ɗan'adam a 2003, bai kamata a bar mu a baya ba. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa kan bincike. Mu ba mu kai can da roƙo ba. Layi ɗaya muke so a kasafin kuɗi, da sunan cibiyar nan, kowace shekara, kuma a saki kuɗin kafin Disamba. Na ga Kwamishina yana murmushi; 'yan jarida, ku shaida.

Attajiranmu, ku ma kuna da rabo. Ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya har ya gama digiri na uku, sadaka ce mai gudana.

Ina roƙon Mai Martaba ya sa mana albarka, wakilin Gwamna kuma ya yanke ƙyalle. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.