Uwargida, Ki Aika da Jajinki Wurin Marubuta

Ina fatan kin sallami yara makaranta, kin ɗora sanwa, kin jawo tabarma kusa da rediyo. Idan kuma kina tsakiyar kitso ko ɗinkin hula ne, ci gaba da abinki, aron kunne kawai nake nema.

Yau hirarmu a kan littafi take, wancan da ke ƙarƙashin matashinki ko a saman kwaba, wanda kike ɗauka in gida ya yi tsit bayan azahar. Kin san sunan wadda ta rubuta shi, wataƙila har kin haddace sunayen taurarin labarin. To, ita fa ta san da ke? Ta taɓa jin abin da kika ji a ranki da kika kai shafin ƙarshe?

Kwanakin baya aiki ya kai ni wani shagon sayar da littattafai a nan Kano, inda aka gayyato wata marubuciya ta zo ta gana da masu karanta ta. An jera kujeru, an shimfiɗa darduma a gefe. Da na duba mahalarta sai na ga ɗalibai ne, da 'yan jarida irinmu, da marubuta 'yan'uwanta, kuma maza sun fi yawa. Ta karanta babi ɗaya, aka yi tafi, aka buɗe fagen tambaya. Wani ya yi gyara a kan ƙa'idar rubutu, wani ya kawo zancen tsadar takarda. Duk daidai ne. Amma ita kanta sai da ta ce masu karanta ta na gaskiya ba sa wurin, suna cikin gida.

Ana shirin tashi sai ga wata dattijuwa da sanda, riƙe da baƙar leda. Ta ce ita ba ta iya karatun boko ba, aiko ta aka yi. Matan 'ya'yanta uku ne suka ba ta littattafansu a sa musu hannu, ɗaya daga cikinsu kuma ta haɗo da 'yar takarda. Aka karanta takardar a gaban kowa. Abin da ke ciki shi ne, ita amarya ce, shekara shida tana zaune lafiya da uwargidanta, uwargidan ce ma ta yi mata wankan jego. Me ya sa a littafi kullum kishiya muguwa ce mai bin bokaye? Ta ce ƙanwarta ta kusa aure, kuma tun yanzu ta ƙulla gaba da matar da ba ta taɓa gani ba, saboda abin da take karantawa.

Wallahi wurin ya yi shiru. Marubuciyar ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta roƙi a bar mata ita. Ta ce duk tambayoyin ranar babu wadda ta shige ta kamar wannan. Kin ga matar nan ba ta taka ko zaure ba, amma maganarta ce ta cika wurin.

Bari in ɗan fayyace miki yadda waɗannan taruka suke, don iri biyu ne. Akwai ƙaddamar da littafi. Wannan biki ne: akwai uban taro, akwai mai sharhi, akwai babban mai ƙaddamarwa da zai sayi kwafi kaɗan da kuɗi masu kauri, sauran manya su biyo baya. Manufarsa marubuci ya mayar da kuɗin ɗab'i. Sai kuma zaman karatu, wanda shagon littattafai ko laburare ko ƙungiyar marubuta kan shirya. A nan ba a neman kuɗin kowa sai na littafin da mutum ya saya don kansa. Marubuciya za ta karanta wani yanki, a yi mata tambayoyi, a yaba, a kushe, daga ƙarshe ta zauna a tebur, duk mai littafi ya miƙa ta rubuta sunansa da kwanan wata, ta sa hannu. A Kano, Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya ta sha yin irin wannan zama a Laburaren Murtala Muhammad. Wannan na biyun shi ne ya shafe ki, don a nan ne marubuciya ke sauraro.

Kada ki ɗauka rubutun mata abu ne da ya faɗo jiya. A 1980 kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya ya fitar da So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Bayanta aka samu su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala, wanda laburaren nan ke ɗauke da sunansa. An yi mata aure tana ƙarama, karatunta ya katse, amma ba ta saki alƙalami ba. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, kuma a 2012 wani kamfani a ƙasar Indiya ya buga fassararsa da Turanci. Ga su Bilkisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa. A 2016 kuma sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla. Waɗannan mata da yawansu a ɗaki suka yi rubutun, a littafin makaranta, bayan yara sun yi barci. 'Yan'uwanki ne, ba baƙi ba.

Su wa suka riƙe wannan kasuwa tun daga Kurmi har Sabon Gari? Ku ne. Ke kike aiken yaro ya sayo na ɗaya, ki matsa a nemo na biyu da na uku. Amma in an zauna yanke hukunci a kan littattafan, ba a jin muryarki. A 2007 an ƙona wasu littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, aka ce suna ɓata tarbiyya. A 2008 aka yi ta ja-in-ja tsakanin marubuta da hukumar tace fina-finai a kan rajista da tantance rubutu. Malamai sun yi magana, hukuma ta yi, marubuta sun yi. Ba na cewa duk abin da aka rubuta mai kyau ne, akwai wanda ni kaina ba zan bari 'yata ta buɗe ba. Amma wa ya fi ki sanin wanda ya gyara miki zama da dangin miji, da wanda ya cusa wa yarinya dogon buri? In kin yi shiru, marubuciya za ta ci gaba da rubuta abin da take zaton kina so, wasu kuma su yi ta magana da yawunki.

Na san abin da ke ranki. Za ki ce, 'yar nan, ni da ba na fita sai asibiti ko gaisuwar mutuwa, ina ni ina laburare? Ai wannan matsala an warware ta tun kafin a haifi kakanninmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta san matan aure ba za su iya barin gidajensu su zo wurinta ba. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, aka kira su jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani. Su ke zuwa su ɗauki karatu, su koma garuruwa da ƙauyuka su isar wa matan da ke cikin gida. Su ne 'Yan Taru. Dattijuwar nan mai baƙar leda, ko ta sani ko ba ta sani ba, aikin jaji ta yi.

To ke ma ki nemi jajinki. Da farko dai ki kasa kunne, don akan yi sanarwar irin wannan zama a rediyo, mai shagon da kike saye a wurinsa ma ya sani, ki sa yaron aike ya tambaya. In kin ji, ki sanar da maigida cikin ladabi, a lokacin da ya huta. In ya amince ki je tare da shi ko da wata babba, madalla. In bai amince ba, kada ya zama abin rigima, ki nemi izinin aikawa. Surukarki, ko gwaggo, ko 'yarki da ke sakandare, ko malamar Islamiyyarku, kowacce za ta iya.

Ki rubuta tambayarki a takarda, guda ɗaya tak, gajera. Ba sai kin sa sunanki ba, ki ce daga wata mai karatu a unguwa kaza. In boko ya yi miki wuya, rubuta da ajami, ko ki faɗa 'yarki ta rubuta. Kada ki tsaya a kan Allah ya ƙara basira kawai. Faɗi wurin da ya sa ki kuka, faɗi wurin da kika ce a'a, ba haka gidan aure yake ba. In jajinki na da waya, ta nemi izini ta naɗo amsar, ku taru da matan gida ku saurara da daddare.

Sai maganar sa hannu. Wata za ta ce mene ne amfanin zanen biro a bangon littafi? Amfaninsa biyu. Na ɗaya, littafin ya zama naki na har abada. Wata rana jikarki za ta buɗe ta ga sunanki da shekara, ta san kakarta mai karatu ce. Na biyu, ba a sa hannu a littafin haya, ba a kuma sa shi a wanda aka turo ta WhatsApp. Sai an saya. Uwargida, mu gaya wa kanmu gaskiya. Yawancin marubutan nan da kuɗinsu suke bugawa, wata adashi ta ɗauka, wata 'yan kunnenta ta sayar. In kwafi ɗaya ya zagaye unguwa, ko aka ɗauki hotonsa aka watsa a waya ba da izininta ba, ita ta yi wahala, wasu sun sha romo. Haƙƙi ne, kuma kin san haƙƙi ba ya barci. Ba na hana aro tsakanin maƙwabta, amma in kuna da yawa a gida, ku haɗa kuɗin cefanen da ya yi saura, wannan wata a saya wa wance, wata mai zuwa a saya wa wance. Kafin shekara kun tara naku laburaren a cikin kwali.

Akwai kuma hanya ta uku, wato marubuciya ta zo inda kuke. Mace ce, babu zauren da zai tare ta. Ku yi magana da shugabar Islamiyyarku ko ƙungiyar matan unguwa, a nemi yardar masu gida, a gayyace ta ranar Asabar ko Lahadi da hantsi, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a dama kunu. Ta zo da littattafanta, ta karanta, ku tambaye ta ido da ido. Na tabbata da yawansu za su yi murna, don ba kullum suke ganin fuskar masu karanta su ba.

Su kuma masu shaguna da ma'aikatan laburare, na san wasunsu na jin mu, ko matansu za su isar musu. A taimaka a riƙa sanarwa da wuri, a ware wa mata wurin zama, a tashi kafin magariba, a kuma ajiye akwatin tambayoyi tun mako guda kafin ranar. In an tashi, marubuciya ta sa hannu a wasu kwafi a bari a shago, domin wadda saƙo bai iske ta da wuri ba.

Lokaci ya yi mana halinsa. Aikin gida da zan ba ki shi ne, yau da daddare ki ɗauko littafin da kika fi so, ki yi tunanin abu ɗaya da za ki gaya wa mai shi, ki rubuta ki ajiye a cikinsa har ranar da jajinki za ta tashi. In kuma kin rasa wadda za ki aika, turo mana takardar nan gidan rediyo, duk ranar da muka gayyato marubuciya cikin shirin zan karanta mata.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya shirya mana zuri'a, ya ƙara mana ilimi mai amfani. A gaida maigida, a shafa min kan yara. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.