Tsarin Hanyoyi a Shafukan Intanet da Wahalar Mai Nema



Wataƙila wani zai ce, ina ruwan malamin harshe da tsarin shafukan intanet? To, maƙasudin laccata shi ne in nuna cewa rabin wannan aiki na harshe ne.

An daɗe ana koya wa masu tsara shafuka wata ƙa'ida, wai kada mai nema ya danna fiye da sau 3 kafin ya tarar da bukatarsa. A 2003 Joshua Porter ya gwada ta, ya ga mutane ba sa fasa nema don sun wuce danni na 3. Tun kafin nan, a 1999, Peter Pirolli da Stuart Card na cibiyar binciken Xerox a Amurka sun kwatanta mai neman bayani da dabba mai neman abinci, wadda ƙanshi ke ja. Ƙanshin nan kuwa ba kome ba ne illa kalmar da aka rubuta bisa mahaɗi. Muddin tana ƙara kusantar da mutum, zai yi ta bi. In ta rikitar da shi, ko a ƙofar farko sai ya juya.

Mu ɗauki misalin Birtaniya. Da can ma'aikatu na da shafukansu daban-daban, watau sai talaka ya san wadda ke riƙe da al'amarinsa kafin ya san inda zai dosa. A 2012 aka buɗe GOV.UK, aka kasa hanyoyi bisa bukatun jama'a: tuƙi da sufuri, kuɗi da haraji, haihuwa da aure da mutuwa. Lalle wannan shi ne daidai, domin matar da mijinta ya rasu ba sunan hukuma take nema ba, abin da za ta yi gobe da safe take nema.

A wayar hannu kuma, an saba ɓoye jerin hanyoyi a bayan 'yan layuka 3, alamar da ba ta faɗa wa baƙo kome. Sa'an nan ga fassara. Turawa na kiran shafin farko da kalmarsu mai nufin gida, sai mai gaggawa ya rubuta "Gida", alhali Bahaushe bai san gidan wa ake nufi ba. Masu Wikipedia ta Hausa sun ce "Babban shafi", kuma a ganina sun fi dacewa.