Karɓar Baƙi Da Abin Da Ke Cikin Rumbu

Ina gaida masu saurarenmu na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, musamman ku da ke cikin gida kuna riƙe da aure, rediyo a gefe, hannu a kan tsintar shinkafa ko tankaɗe. Sannunku da aiki, Allah ya ba da lada.

Yau maganar baƙi za mu yi. Kun san da zarar an kawar da amfanin gona, sai ƙafa ta yawaita. Ga biki, ga suna, ga 'ya'ya mata masu zuwa ganin gida, ga dangi 'yan birni masu zuwa Sallah. Malamanmu sun karantar da mu cewa girmama baƙo yana cikin alamun imani, kuma haƙƙinsa a kanmu kwana uku ne. Hausawa ma suka ce baƙonka annabinka. To amma yaya mace za ta fita kunyar baƙo ba tare da ta jefa kanta cikin bashi ba?

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata ƙawata ce aka aiko mata cewa dangin mijinta za su zo daga Kano. Kwana uku ba ta yi barcin kirki ba. Ta kira dillaliya ta ba ta tasoshinta biyu na jere da turmin atamfa guda da ko ɗinkawa ba ta yi ba, aka sayar a wulaƙance. Kuɗin bai isa ba, ta aika yaro wajen mai kanti ya karɓo lemon kwalba da taliya da man gyaɗa bashi, maigida bai sani ba. Baƙi suka zo, aka jera musu, suka ɗan taɓa. Can sai babbar cikinsu ta dube ta ta ce, "Ni kam 'yar nan, tun daga Kano nake ta kwaɗayin dambun masara da zogale, ko babu ne?" Ga zogale nan a bayan ɗaki, ga masara cike da rumbu. Da la'asar baƙi suka tafi. Bayan mako biyu mai kanti ya tare maigida a ƙofar masallaci, ranar kuwa gidan nan ba a kwana da daɗi ba. Sai da ta yi wata huɗu tana zubin adashi kafin ta mayar da tasa ɗaya.

'Yar uwa, wanda ya baro birni ba lemon kwalba ya zo nema wajenki ba, can ya baro shi. Ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, duk abin da ake ɗaukowa daga nesa ya ƙara tsada. Alhali mu nan kudancin Kano Allah ya yi mana baiwa. Ruwan sama ya fi sauka a wajenmu bisa ga arewacin jiha. Shinkafar Tudun Wada sananniya ce, 'yan kasuwa daga nesa suke zuwa saye. Masarar Doguwa mota-mota ake fitar da ita. Ga kasuwar Kwanar Dangora a ƙasar Kiru a bakin titin Kano zuwa Zariya. Ga madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, masunta na fitar da tarwaɗa da karfasa. Ga rake, ga dankali, ga nonon Fulani. Wadda ke da waɗannan a kusa da ita ba ta da dalilin jin kunyar baƙo.

Abu na farko shi ne tanadi. Ke da ba ki fita kasuwa, komai sai kin jira maigida ko ɗan aike, bai kamata ki bari sai an yi sallama sannan ki fara neman yaro ba. Ki ware wata tukunya ko bokiti mai murfi, ki sa mata suna tukunyar baƙo. Lokacin kaka da kaya ke araha, ki riƙa ajiye kaɗan-kaɗan: busasshen zoɓo, tsamiya, citta, kanumfari, masoro, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, da ɗan busasshen kifi. Ki sa a ɓarza miki masara kwano ɗaya ki ajiye tsakin. Ki yi wa maigida maganar cikin lalama tun da wuri, shi ma ai mutuncinsa kike karewa. Sai dai ki kula, duk abin da za ki adana ya bushe sarai. Gyaɗa ko masarar da ta yi hunhuna ki tsince ta ki zubar, tana yi wa hanta illa. Kuma ki rufe komai ruf saboda ɓera, don ta kashinsa da fitsarinsa ake ɗaukar zazzaɓin Lassa.

Abu na biyu, tsaftar gida. Baƙuwa tun daga soro take fara karanta ki. Ba sai kina da kujeru da labule masu tsada ba. Ki share tsakar gida, ki yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, ki ɗaure awaki a turkensu, ki kaɗe tabarma ki shimfiɗa a inuwa. Ki ɗan sa turaren wuta a kasko kafin su shigo, ba sai sun zauna ki cika su da hayaƙi ba. Wurin da muka fi mantawa kuwa shi ne makewayi. Ki wanke shi, ki rufe bakin masai, ki ajiye buta cike da ruwa da ɗan sabulu, in babu sabulu toka ma ta yi. Ki ajiye dadduma ko tsabtatacciyar tabarma ta salla, ki nuna wa baƙuwa gabas tun ba ta tambaya ba.

Na uku, abin sha. Hausawa suka ce ba baƙo ruwa ka sha labari. Ruwan nan ya zama mai tsabta, a kofi ko ƙwarya mai tsabta, da faifai a kai. In ruwan rijiya ne ko na rafi, ki tafasa shi tun da safe, ya huce, ki juye a randa. Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta daminar 2021 ba, wadda Kano na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Ga zoɓo mai sauƙi. Ki auni busasshen zoɓo gwangwanin madara 3, ki ɗauraye shi ƙasa ta fita. Ki zuba a tukunya da ruwa kamar lita 4, ki daka citta da kanumfari kaɗan ki zuba, ki bari ya tafasa. In ya huce ki tace, ki sa mazarƙwaila ko sukari daidai misali. In kina son ɗan tsami-tsami, ki jiƙa tsamiya ki tace, ko ki matsa lemon tsami. Babu firji? Ki juye a tulu, ki naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu ki ajiye inda iska ke kaɗawa, za ki sha mamakin sanyinsa.

A nan ina da jan kunne. Don Allah ku guji garin haɗa lemo da ake ƙullawa a leda babu suna babu kwanan wata. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano, ana amai da jiri da fitsarin jini, wasu suka riga mu gidan gaskiya, bayan shan abin sha da aka haɗa da wani gari da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Da hukumar NAFDAC ta bincika sai ta gano sinadari mai guba a ciki. Tsamiyar da ke kan bishiya ba ta taɓa yi wa kowa haka ba.

Na huɗu, abinci. In baƙin ba-zata ne, dambu shi ne rufin asirinki. Ki ɗauko tsakin masarar nan, ki wanke ki rege, ki tsane shi, ki turara a madambaci kamar rabin awa. Kafin nan kin tsinke zogale kin wanke, kin yanka albasa, kin jajjaga attaruhu, kin daka gyaɗa. Ki juye tsakin a roba, ki haɗa su duka da gishiri, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki juya, ki mayar ya sake turara har zogalen ya yi laushi. Ki soya man gyaɗa da albasa ki zuba a kai, ga yajin ƙuli a gefe. Tsakin shinkafa ma haka ake yi da shi, kuma ya fi tsayayyiyar shinkafa araha.

In masu kwana ne, da dare ki yi musu tuwon shinkafa da miyar taushe, ko tuwon masara da miyar kuɓewa. In maigida ya samo kifin Tiga, ki duba shi tukuna: idonsa garau, jikinsa da tauri in kin danna, babu wari. Tarwaɗa ki watsa mata ruwan zafi ko ki goge ta da toka, yauƙin zai fita. Ki dafa romon da albasa da attaruhu da citta da daddawa ya haɗu, sannan ki jera kifin a ciki. Kada ki juya da ludayi, girgiza tukunyar za ki yi don kada ya farfashe. Da safe kuma koko da ƙosai, ko waina in kin jiƙa shinkafa tun dare. Ɗumame ma ba abin kunya ba ne, amma ya yi zafi har cikinsa, ba ɗumi-ɗumi ba.

Kafin ki ɗora tukunya, in akwai dattijuwa cikin baƙin, ki tambaye ta a asirce, "Inna, akwai abin da likita ya hana ki?" Ciwon sukari da hawan jini sun yawaita, kuma tsofaffinmu kunya ba ta barinsu su faɗa. Sai ki ɗebar mata zoɓonta kafin ki sa zaƙi, ki rage gishiri da magi a miyarta.

Baƙi maza kuwa, ko da ba za su gan ki ba, kwanonki ne zai yi magana a soro. Ki goge bayan kwanon, ki rufe da faifai mai kyau, ki haɗa da ruwan wanke hannu da na sha. Yaron da zai kai ki wanke masa fuska ki sa masa riga mai tsabta, ki koya masa ya durƙusa ya gaida mutane.

Na biyar, kuma shi ne babba: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kada ki shige madafa tun safe har la'asar ki bar baƙuwa da kaji. Ki jawo ta kusa, ku tsinke zogalen tare kuna hira, mafi yawan mata sun fi sakewa a haka. Ki ajiye waya. In kin iya kitso ko ƙunshi, ki yi mata, kyauta ce da za ta yi kwanaki tana tunawa da ke. Da dare bayan isha'i a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a gasa masara ko dankali, a fere rake, kaka ta yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici. Yaran birni da yawa ba su taɓa jin wannan daga bakin tsohuwa ba. Amma hira ta tsaya kan alheri. Kada ki kwance wa baƙuwa sirrin mijinki ko laifin abokiyar zamanki. Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi, maganar da kika faɗa kuwa tare za su tafi.

Ku kuma masu abokan zama, baƙon ɗaya baƙon gida ne. Ko ba ranar girkinki ba ce, ki fito ki gaida su, ki kama mata aiki, ki ara mata kwano in ta rasa. Ranar da naki dangin suka zo za ki ga amfaninsa. Babu abin da ke zubar da mutuncin gida kamar baƙo ya gane ana gaba.

In sun tashi tafiya, ki ƙulla musu 'yar tsaraba daidai ƙarfinki: daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, ko shinkafa kwano ɗaya da izinin maigida. Kuma kada son hira ya sa ki riƙe su har yamma. Masu bin hanyar Doguwa da Tudun Wada sai sun ratsa dajin Falgore, hanyar daji kuwa da rana ake son ta. Ki sallame su da wuri, ki raka su iyakar inda aka yarje miki, yara su ƙarasa da su bakin mota.

To 'yan uwa, wadda ba ta da tukunyar baƙo ta fara yau, ko da zoɓo gwangwani ɗaya ne da tsamiya. Wadda kuma ke da wata dabara da ta gada wajen iyaye, ta ba ɗan aike wasiƙa ya kawo mana, mu karanta sauran mata su amfana. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a rumbunanmu, ya ba mu zaman lafiya da mazajenmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum, a huta lafiya.