Daren Masar a Ɗakinki: Karrama Maigida Ba Tare da Taɓa Kuɗin Akwati Ba

Tunda an ƙirga zubi an rufe akwati, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci.

Kwanakin baya, a wata ƙungiya da nake zagayawa, wata baiwar Allah ta yi mako uku ba ta zo taro ba. Da muka bi sawu, ashe maigidanta ne ya hana. Ya ce tun da ta shiga adashin nan bakinta ba ya faɗin komai sai zubi, riba da tara, ko sannu da zuwa sai a gajiye take yi masa. Da aka lallashe shi ya bar ta ta dawo, sai ta ce bari ta wanke laifinta. Ta karɓi rance da sunan sarin gyaɗa, ta yanka kaji biyu, ta sayi lemon kwalba da sabuwar atamfa. Daren ya yi daɗi kam. Amma da ranar biya ta zo, akuyarta ce ta tafi kasuwa, kuma rigimar da ta biyo baya ta fi ta farko.

Niyyarta kyakkyawa ce, hanyar ce ta ɓaci. Shi ya sa yau na zo mana da wata dabara: dare guda da za ki shirya wa maigida a ɗakinki, da abinci da kwalliya irin na mutanen Masar, da kuɗin da ba zai girgiza jarinki ba.

Na ga Inna tana dariya, wai mu da ko Kano ba kullum muke zuwa ba, ina mu ina Masar? To Inna, ai duk mun san ta. Ita ce ƙasar Kogin Nilu, inda Annabi Yusuf da Annabi Musa suka zauna. A babban birninta, Alƙahira, akwai makarantar Azhar wadda ta haura shekara 1,000, har yanzu ƴaƴanmu suna zuwa karatu can. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, abincin talakan Masar ɗan uwan namu ne. Zoɓon da muke shanyawa a kan rufi, su karkade suke ce masa, suna shan sa da zafi ko da sanyi. Lalon da ke fitowa a bayan gida da damina, shi ne mulukiyya, miyar da suke alfahari da ita. Suna da irin ƙosansu mai suna ta'amiyya, burodinsu kuma faifai ne kamar gurasa. Kun ga kayan duk namu ne, hannun girkin ne kawai zai sauya.

Mu fara da abinci. Akwai hanya biyu, ki ɗauki ɗaya, kada ki haɗa duka.

Ta farko ita ce koshari, abincin da leburori da ɗalibai suke ci a titunan Alƙahira, kuma babu nama a cikinsa. Su suna yin sa da wani ɗan mitsitsin wake mai faɗi da ake kira adas, mu kuma ƙananan wakenmu ya wadatar. Ki yanka albasa sirara, ki soya har ta yi ja ta yi ƙaras-ƙaras, ki kwashe. Kada ki zubar da man, a nan ɗanɗanon yake. Ki dafa wake, in ya kusa nuna ki zuba shinkafa da cokali biyu na man albasar. Makaroni ki dafa shi daban. Sai miyar tumatir mai tafarnuwa da barkono. Daga ƙarshe ki daka tafarnuwa da gishiri, ki matse lemon tsami, ki ƙara ruwa kaɗan, wannan shi ake yaryaɗawa a kai. Wajen zubawa, shinkafa da wake a ƙasa, makaroni a kai, sai miya, sai soyayyar albasa a can sama. Wata za ta ce ai garau-garau ne ya yi wanka. Haka ne, amma ki bari maigida ya ɗanɗana tukuna.

Ta biyu ta mai lalo ce a kusa. Ki tsinke ɗanyen ganye, ki wanke, ki bar shi ya tsane, ki yanka shi ƙanana sosai. Ki zuba a romo mai zafi, ko na ƙashi ne ya isa. Ban da kanwa, ban da daddawa, kuma kada ya daɗe a wuta. Ki soya dakakkiyar tafarnuwa a mai har ta yi ƙamshi, ki juye cikin tukunyar lokaci guda. Matan Masar suna da wata al'ada: in za su juye tafarnuwar nan sai su ja numfashi da ƙarfi kamar waɗanda suka tsorata, wai miyar ta fi daɗi. In kin ga dama ki gwada, ko ba komai za a yi dariya. Da shinkafa ake ci, ko da gurasa.

Abin sha kuwa, zoɓo ne da ɗan sukari, ki sa a randa ya yi sanyi. Dabino biyar ko bakwai a faranti sun isa abin zaƙi.

Sai ɗaki da jiki. Shara da wankin zanin gado ba sa cin kuɗi. Ki shimfiɗa tabarma, ki ɗora zani mai tsabta, ki jera matasan kai, ku ci a ƙasa. Mutanen Masar suna da fitila mai ado da suke ratayawa da azumi, sunanta fanus. Ki samu gwangwanin madara, ki huhhuda shi da ƙusa, ki kifa shi a kan ƴar tocila, hasken zai fito tsilli-tsilli a bango kamar taurari. Tocila na ce, ban ce kyandir ba, musamman mai ɗakin ciyawa ko mai ƙananan yara. In kina son wasa, ki tara shinkafar a faranti ki gyara ta da cokali ta yi gefe huɗu da tsini a sama, kamar dalar Giza da aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Kwalli da lalle kuma tsofaffin kayan adon Masar ne, tun zamanin Fir'auna ake sa kwalli a can. Ki sa kayanki masu kyau da ke cikin akwati, ki turara ɗaki. Babu sabon ɗinki a lissafin nan.

In ya yi sallama, ki tare shi da “Ahlan wa sahlan.” In kin ajiye abinci ki ce “Bil hana wash shifa,” wato a ci lafiya. Zai tsaya yana kallonki, ke kuma kin samu abin buɗe hira.

Yanzu mu zo kan lissafi, don nan ne aikinmu. Ki raba kayan gida uku. Kashi na farko, abin da ke gidanki: shinkafa, wake, zoɓo, barkono, gishiri, itace. Kashi na biyu, abin da za ki ara ko ki yi musaya: faranti mai kyau, kofuna biyu, lalo daga maƙwabciya. Kashi na uku kaɗai ne na saye. Ga misali, ku gyara shi da farashin kasuwarku:

Makaroni, kashi ɗaya cikin huɗu na leda: naira 300
Tumatirin leda: naira 200
Albasa: naira 300
Man gyaɗa: naira 400
Sukari: naira 200
Dabino: naira 200
Tafarnuwa: naira 100
Lemon tsami: naira 100

Jimla naira 1,800. In kina jefa naira 300 a asusu duk mako, mako shida kin haɗa. Mata huɗu kuma za su iya haɗa kuɗi su sayi ledar makaroni ɗaya su raba.

Dokoki uku nake so mu riƙe. Ɗaya, ba a cin rance don wannan dare, domin rance na sana'a ne, abin da zai haifo kuɗin biya. Biyu, ba a taɓa asusun taimako, wannan na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa. Uku, ba a fasa zubin mako. Kuɗin ya fito daga ribar sana'arki, kaɗan-kaɗan. In bai cika ba, ki ɗaga ranar ko ki rage kaya. Da sannu ba ta hana zuwa.

Mai abokiyar zama, ki yi a ranar girkinki, kuma ki ƙara hannu a tukunya yadda kowa a gidan zai ɗanɗana. Kada abin alheri ya zama gasa. In ta tambaye ki yadda ake yi, ki koya mata. Yara a ba su nasu da wuri su kwanta. Ki kuma gaya wa maigida tun da safe cewa kada ya daɗe a majalisa kuma kada ya ci a waje, don kada ki yi aikin banza.

Me za a yi hira a kai? Kada ki ajiye faranti ki ɗauko maganar kuɗin makaranta. Ku tuna farkon aurenku, ki tambaye shi gona ko kasuwa, ki saurara. In hira ta yi nisa, akwai labarin Masar da kowa ya sani: yadda Annabi Yusuf ya ba da shawara a tara hatsi a shekara bakwai na yalwa, shi ya ceci mutane a shekara bakwai na fari. Daga nan, in kin ga fuska, sai ki ce masa, “Maigida, ka san nawa na kashe a daren nan? Ga shi a rubuce, kuma ban ci bashin kowa ba.” Namijin da ya ga lissafin matarsa a fili, zai yi wuya ya zargi akwatin nan da raba masa gida.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba. Girki yana gyara gajiya da ɗan saɓani, amma ba ya maganin duka ko ƙwace miki kuɗi da ƙarfi. Wadda ke cikin irin wannan hali kada ta ɗauka girkinta ne bai yi ba. Ta same ni ko Shugaba a keɓe bayan taro, za mu nemi waɗanda suka dace, kuma maganar ba za ta fita ba. Su ma mazan, muna faɗa musu a zamansu cewa kyautatawa hanya biyu ce: ranar da ya dawo da tsire ko ƙullin dabino ba tare da an roƙa ba, shi ma ya yi nasa.

Kafin mu tashi, ku zauna uku-uku. Kowace ta faɗi abin da take da shi a gida, abin da za ta ara, da abin da za ta saya. Wadda ta iya rubutu ta rubuta wa sauran. Sai kowace ta yanke nawa za ta iya warewa a mako ba tare da ta taɓa zubi ba, mu ƙirga makonni nawa zai ɗauka. Mako mai zuwa zan zo da gwangwani da ƙusa mu yi fitilar tare, wadda ke da lalo a lambu kuma ta zo mana da shi mu gwada miyar a nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a abin da muke tarawa. Sai mu fara.