Gargaɗi Kafin Guguwa

Yau maganarmu a kan Japan ce, ƙasar tsibirai can gabas cikin teku.

Shekararsu kashi huɗu ce. Da hunturu iska takan taso daga Saibiriya, ta zuba dusar ƙanƙara wajen yamma, wani wuri har ta fi tsayin mutum. Wajen Afrilu itatuwa su yi fure, mako ɗaya ko biyu ya kaɗe. Yuni kuwa ruwa ba ƙaƙƙautawa, shinkafa tana so. Amma sa'anda ta soma nuna, lokacin guguwar teku ke nan.

Ran 26 ga Satumba 1959 wata ta auka wa birnin Nagoya da kewayensa da dare. Teku ya hau tudu, mutum fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace. An yi gargaɗi a rediyo, amma da lantarki ya ɗauke, akwatuna da yawa suka yi shiru.

Kai fa, aboki? Ka san watan da gero yakan yi araha, ka san na tsada. Ranar da za a karɓi ranka, ka san ta? Yesu Almasihu ya mutu domin zunubanka, ya kuma tashi. Ka kira shi yau, tun kunnenka yana ji.