Digiri na Biyu a Kasuwancin Ƙasa da Ƙasa: Ina Dawanau da Kwari a Cikin Manhaja?



A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an yi ta samun ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos a jikinsa fiye da kima. A sito ake zuba wa waken magani don gudun ƙwari, kuma da wuya mai zubawar ya san akwai wata doka a Turai da ta shafe shi. Wannan al'amari ya tattara abubuwa da yawa da ake so mai digiri na biyu a tafiyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa ya ƙware a kai: ingancin kaya, dokar ƙasar mai saye, da yadda sakacin wasu 'yan kaɗan ke toshe wa ƙasa guda kasuwa. Duk da haka, ɗalibinmu ya fi saurin kawo labarin Toyota da Coca-Cola, domin su ne a littafin da aka ba shi.

Koyarwa ta hanyar nazarin abin da ya faru da wani kamfani, wadda makarantar kasuwanci ta Harvard ta yi suna da ita, hanya ce mai kyau. Ana ɗora ɗalibi a kujerar manaja a ce ya yanke shawara. Sai dai kujerar da za mu ɗora shi ya kamata ta yi kama da wadda zai zauna a kai gobe.

Mu ɗauki canji. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira. Dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ba da kafin alƙalami a Guangzhou, ya bar cikon kuɗi sai kwantena ta taso, ya ga ribarsa ta narke tun kaya suna kan ruwa. Shin ya biya duka tun farko? Ya sayi dala ya ajiye? Ya nemi a yi cinikin da yuwan? Da wane farashi zai sayar wa masu sari da suka saba karɓar kaya bashi? Ga darasin zango guda cur, kuma waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, ana iya gayyato su aji.

Haka batun yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Nijeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, a watan Agusta kuma ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020. Wanda ya haddace sassan yarjejeniyar amma bai taɓa tsayawa a Jibiya ko Maigatari ya ga yadda mota ke kwana tana jiran takardar kwastan ba, rabin ilimin yake da shi. Kuma abin takaici ne mu yaye masanin kasuwancin ƙetare da ba ya iya karanta takardar kaya da Faransanci, alhali Maraɗi ta fi Legas kusa da Kano nesa ba kusa ba.

Inda gyara ya fi sauƙi shi ne kundin bincike. Da yawa ana raba takardun tambayoyi ne, a tattara amsa, a fitar da jadawali, kundi ya tafi kan kanta. Da a ce ɗalibi zai bi buhun riɗi ko zoɓo daga kasuwar Dawanau, ta tashar tsandauri ta Dala, har jirgin ruwa, ya cike fam ɗin fitar da kaya na NXP da hannunsa, ya lissafa abin da kowane mataki ya ci na kuɗi da kwanaki, da mai kayan ma ya nemi a ba shi kwafi.

Na san 'yan kasuwarmu ba sa son a leƙa littafinsu, kuma suna da hujja. Ana iya sakaya suna a bar lissafi. Saboda haka ina roƙon shugabannin sassan kasuwanci na jami'o'inmu su zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Dawanau da Singa kafin shekarar karatu mai zuwa, a amince da sharuɗɗan sirri, kowane ɗalibin digiri na biyu a haɗa shi da ɗan kasuwa guda da zai rubuta kundinsa a kan harkarsa.