Ƙaddara da Zaɓin Bawa a Mahangar Ma'abota Ɗariƙa

 

Akwai tambayar da ba ta tsufa, wadda almajiri yakan yi wa malaminsa a zaure, ɗalibin jami'a kuma ya yi wa kansa cikin dare: idan Allah Ya riga Ya rubuta komai, mene ne rabon bawa a cikin aikinsa? Tambayar ba ta malamai kaɗai ba ce. Direba yakan ɗauki fasinjoji alhali ya san birkin motarsa ba ya ci, idan ya zubar da su a hanya sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai riƙe da amanar jama'a yakan cinye kuɗin rijiya, kwalara ta kwashe yara, a wurin ta'aziyya a ce kwana ne ya ƙare. Maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta ba a muhallinta ba.

Tun a ƙarni na farko na Hijira al'umma ta fara jayayya a kan wannan mas'ala. Ma'abadu Aljuhani ya bayyana a Basra yana kore ƙaddara daga ayyukan bayi. Jahamu ɗan Safwanu, wanda aka kashe a shekara ta 128, ya tafi ɗaya gefen, ya ce bawa abin tilastawa ne, ba shi da zaɓi ko kaɗan. Mu'utazilawa kuma suka ce bawa shi ke halittar ayyukansa. Sai Allah Ya kawo Imam Abul Hasan Al'ash'ari, wanda ya tashi a hannun Mu'utazilawa sannan ya bar su, ya yi wafati a shekara ta 324. Shi ya warware zaren da ya harɗe: Allah ne Mahaliccin aiki, bawa kuma yana da kasbu, wato ya nufi aikin da niyyarsa da ikon da aka ara masa, saboda haka ake jingina masa shi. Malaman tauhidi sukan ba da misali da hannu. Kowa yana jin bambanci tsakanin hannun da ke karkarwa saboda masassara da hannun da ya miƙa don ba da sadaka. Duka motsin biyu halittar Allah ne, amma na biyu kaɗai ake rubuta wa lada. Wannan ita ce aƙidar da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa ta littattafai irin su Ummul Barahina na Shehu Sanusi.

Abin mamaki, motsin hannu ɗin nan shi masu binciken ƙwaƙwalwa suka komo kansa bayan shekara dubu. A 1983 wani masani mai suna Benjamin Libet, a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, ya liƙa wa mutane na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ya ce kowa ya motsa hannu a duk lokacin da ya ga dama, ya kuma lura da agogo a daidai sa'ar da ya ji niyyar ta zo masa. Sai ya ga ƙwaƙwalwa tana fara shiri kimanin kashi 550 cikin 1000 na sakan kafin motsin, alhali mutum bai san ya yi niyya ba sai saura kimanin kashi 200. A 2008 wasu masana a Jamus, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce suna iya hasashen ko maɓallin dama mutum zai danna ko na hagu, sakan da yawa kafin ya san ya zaɓa. Nan fa wasu suka ɗauki ganga, suka ce kimiyya ta binne zaɓi.

Sun yi gaggawa. Hasashen na Jamus yana dacewa ne kusan sau 60 cikin 100, alhali mai canki-canka ma yana samun 50. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa a Faransa suka kawo hujjar cewa alamar da Libet ya gani tana iya zama kai-kawon lantarki ne da ƙwaƙwalwa ba ta rabuwa da shi, ba hukuncin da ta yanke a ɓoye ba. Shi kansa Libet bai kore zaɓi ba. Ya tafi a kan cewa mutum yana da ikon dakatar da motsin kafin ya auku. Sannan danna maɓalli babu dalili ba shi ne irin zaɓin da ake wa bawa hisabi a kansa ba. Tuba daga saɓo, ko mayar da amanar maraya bayan shekara goma ana kokawa da rai, wani al'amari ne dabam. Ko da ma an tabbatar cewa niyya tana da sabubba da suka gabace ta, wannan ba baƙo ba ne ga Ahlussunna, domin ba su taɓa cewa bawa shi ne mafarin nufinsa ba.

Ma'abota ɗariƙa su ne aka fi tuhuma da kashe zuciya da sunan sallamawa, kuma tuhumar ba ta san littattafansu ba. Sidi Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya yi wafati a Bagadaza a 561, ya buɗe Futuhul Gaibi da bayanin cewa mumini ba ya rabuwa da abu uku: umarnin da zai bi, hanin da zai nisanta, da ƙaddarar da zai yarda da ita. Jerin yana da ma'ana. Biyun farko aikin mai zaɓi ne, ba a umartar dutse, ba a hana iska. Na uku shi ne maganin zuciya a kan abin da ya fi ƙarfin bawa, ko ya riga ya wuce. Muridin da ya miƙa hannu ya yi mubaya'a, ya bar son ransa ga tarbiyyar shehinsa, bai rasa zaɓi ba, domin mutum ba ya kyauta da abin da ba ya hannunsa, kuma kowace asuba yakan sake zaɓar wuridi a kan barci.

Haka magabata suka fahimta. Lokacin da Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, sai ya juya da jama'a daga Sargu. Abu Ubaida ɗan Jarrahu ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddara ce, kamar makiyayin da ya zaɓi kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Baƙadire ne, bai zauna a Ɗegel yana jiran abin da aka rubuta ba. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu.

A kan wannan tushe shari'a ta tsaya. Ta ɗauke alƙalami daga yaro da mahaukaci da mai barci, ta yi rangwame ga wanda aka tilasta, ta bambanta kisan ganganci da na kuskure. Ba don zaɓi yana da hakika ba, da wannan rarrabewa ba ta da ma'ana. Direban nan, kafin ya tashi daga tasha, gyaran birki umarni ne a kansa, ba ƙaddara ba. Bayan abin ya auku, iyalan mamata su ne masu haƙƙin samun sanyi da ambaton ƙaddara. Shi kuwa, ko da alƙali ya hukunta cewa kuskure ne, akwai diyya, akwai kuma kaffarar azumin wata biyu a jere.